Kafin ka sayi amfilifaya, duba sifikarka tukuna

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwa masu son sauti mai kyau a gida, ko karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi ko kiɗa, don abin da nake gani a kasuwa yana damuna sosai. Mutum zai shiga shago ya ce shi dai a ba shi amfilifaya mai wat 5000 saboda haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ya zuba kuɗi ya ɗauka, alhali falon nasa ko wat 20 ba zai cinye ba. Waccan lambar PMPO ake ce mata kuma ba ta da wani tsayayyen ma'auni, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa, wadda za ka nema ita ce RMS, wato ainihin wat ɗin da amfilifayar za ta iya bayarwa a kai a kai.

Amma asalin maganar a sifika take. Kowace sifikar kirki akwai lambar dB a bayanta ko a takardarta, wato yawan ƙarar da za ta yi idan aka ba ta wat 1 kana tsaye nisan mita 1. Galibin ƙananan sifikun gida suna tsakanin 84 zuwa 88, masu sauƙin tashi kuma daga 93 zuwa sama. To ga inda lissafin yake, duk lokacin da kake son ƙarin dB 3 sai ka ninka wat ɗinka sau biyu, kenan sifika mai 87 sai ta sha wat 64 kafin ta kamo ƙarar da mai 96 za ta yi da wat 8 kacal. Kuma fa ko ka tashi daga wat 10 ka koma wat 100, a kunne ƙarar kamar ninki biyu kawai za ta yi, mutane da yawa ba su san wannan ba wallahi. Paul Klipsch na Amurka tun 1946 ya kafa kamfaninsa a kan wannan tunanin, sifikarsa Klipschorn mai bakin ƙaho tana haura dB 100 da wat ɗaya tak, kuma har yau ana ƙera ta.

Idan Allah ya ba ka irin wannan sifikar, ƙaramar amfilifaya mai tiransisto ta wat 10 zuwa 25 ta ishe ka har da saura. Sai dai su ma kala-kala ne. Akwai Class A, irin wadda wani maƙerin amfilifaya Nelson Pass yake yi da sunan First Watt, masu harkar suna yabon daɗin muryarta sosai, amma ko an rage murya ko an ƙure ta, wuta ɗaya take ja kuma mafi yawanta zafi take zama. Ni dai ba zan ba mutumin da yake kan sola ko ƙaramar inbata shawarar ya saye ta ba, balle a zafin watan Afrilu. Class D ita ce daidai da mu, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja tana kaiwa ga sifika, ba ta zafi sosai, kuma masu ɗauke da cif ɗin TPA3116 na kamfanin Texas Instruments suna tashi da batir mai bolt 12. Da bolt 12 ɗin kar ka sa ran wuce wat 8 ko 9 a sifika mai ohm 8 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), ko me aka rubuta a kwali, amma ga sifika mai dB 95 wannan ya isa ya cika falo.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne huci. Sifika mai sauƙin tashi ba ta rufa wa amfilifaya asiri, duk wani sssss ko ƙugin wuta da ba za ka ji a wata sifikar ba a nan sai ya fito fili, musamman da daddare in gari ya yi shiru. Saboda haka kafin ka biya ka sa a haɗa maka, a kunna ba tare da an sa komai ba, ka kai kunnenka kusa da tuwita, wato ƙaramin bakin sifikar mai fitar da siririyar murya, ka saurara, sannan ka ja baya kamar inda za ka zauna a gida. In har daga can kana jin hucin to ka ajiye ta ko da araha ce. Ka murɗa maɓallin murya a hankali kuma, in ɗan taɓawa kaɗan ya sa ta ɓarke da ƙara to za ka sha wahala wajen saita ta, wasu ma a ƙasa-ƙasa gefe ɗaya yake fin ɗaya ƙara. Adafta ma a samu mai kyau, sau da yawa ƙugin daga nan yake zuwa.

Ka duba ohm ɗin sifikar, 4 ne ko 8, ka tabbatar amfilifayar ta yarda da shi. Kuma in ka ji murya ta fara tsagewa ka rage nan take, ƙaramar amfilifaya da aka ƙure tana iya ƙona tuwita. Duk wannan maganar ɗaki da falo nake yi, masu haɗa sauti a masallacin Juma'a ko filin biki nasu lissafin daban ne.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga mai karatunku a Fagge, Kano