Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi Kan Tsadar Kuɗin Shiga Filin Ƙwallo

Daga ƙungiyoyin magoya bayan ƙwallon ƙafa na unguwannin birnin Maraɗi
Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi
Ta hannun masu unguwanninmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa magajin Korau lafiya da nasara. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, mu talakawanka ne daga Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Maradawa, Sabon Gari, Zariya da Ali Ɗan Tsoho, tare da ƴan'uwanmu na Tibiri da Jiratawa masu shigowa gari ranar wasa. A cikinmu akwai ƴan kabu-kabu, teloli, makanikai, ƴan tireda, malaman lakwal da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Akwai kuma dattawan da suka ga shekarar 1983 da idonsu, lokacin da Jangorzo, ƙungiyar ƙwallon Maraɗi, ta zama zakaran ƙasar Nijar, ta kawo kofin da ƴan Yamai suka ɗauka gadonsu ne.

Kukanmu ɗaya ne: kuɗin shiga kallon ƙwallo ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, kuma ana ƙara shi ba tare da an sanar da kowa ba. Ba mu kawo ƙarar wani da suna ba, ranka ya daɗe. Mun zo ne wurin uba don ya tara mu da masu shirya wasanni a zauna a fahimci juna.

Ga yadda abin yake ranar wasa. Mutum ya baro wurin sana'arsa bayan Azahar da kuɗin da ya shiga da su makon jiya, ya bi layi cikin rana, sai ya kai bakin taga a ce masa yau an ƙara. In ya tambayi dalili, amsar ita ce ƙungiyar Yamai ce ta zo. Babu takarda a bango, babu sanarwa a rediyo. Wani ya koma gida da yaronsa na kuka, wani ya tsaya roƙon cikon dala goma a hannun mutanen da bai sani ba. Da an busa usur kuwa, sai ka ga yara a kan katanga da rassan itace suna leƙe, ana kora su da dorina, alhali a ciki ga benci nan fayau ba kowa. Masu kalangunmu da a da ake shigar da su kyauta saboda su ke tayar da fili, yanzu sai mun yi musu karo-karo, har da kuɗin yaron da ke riƙe musu ganga.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne tikitin da ba a yagawa. Mun sha ganin an karɓi tikiti a ƙofa, an ƙi yaga shi, ya zagaya ta baya ya sake dawowa hannun wani mai saye. Wani lokaci ma babu tikitin, kuɗi kawai ake miƙawa a hannu a ce wuce. To, in an tashi lissafi da yamma aka ga kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba, sai a ce maganin shi ne a ƙara farashi. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a ɗora wa ɗan kallo ƙarin nauyi, a fara duba inda abin da ya riga ya biya yake zurarewa.

Mun san shirya wasa ba kyauta ba ne. Akwai alƙalan wasa, akwai jami'an tsaro, akwai gyaran fili, ga kuɗin mota in ƙungiya za ta je Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ko Damagaram ko Tawa. Ƴan wasanmu ma magidanta ne, da yawansu suna bin bashin albashi suna buga wasa a haka. Ba mu ce a buɗe ƙofa kyauta ba. Amma a dubi aljihun wanda ake nema ya biya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 sefa 42,000 ne a wata, wato jika ɗaya da dala tamanin a yini, kuma yawancinmu ba ma cikin masu albashin. A ce ƙofa ta kai jika guda, a haɗa da kabu-kabu zuwa da dawowa da ruwan sha, to cefanen yinin ya tafi. Wane magidanci ne zai kalli idon iyalinsa ya ce ya kai kuɗin hatsi filin ƙwallo? Sarki ya fi mu sanin abin da rufe iyaka a 2023 ya yi wa garin nan, garin da numfashinsa ke kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. An buɗe iyakar, amma kasuwa ba ta koma yadda take ba. A 2024 hukumomin ƙasa da kansu sun sauke litar man fetur zuwa sefa 499, sun kuma rage kuɗin asibiti, don sun ga halin da talaka yake ciki. Bai dace ƙofar filin wasa ta riƙa hawa a lokacin da ake neman saukar da sauran abubuwa ba.

Akwai kuma abin da masu ƙarin ba su lissafa ba. Matashin da aka mayar daga ƙofa ba gida yake komawa ya kwanta ba. Gidan kallo yake nufa, ya biya kuɗi kaɗan ya zauna a inuwa ya kalli Barsalona ko Asenal. Yau a fadojin shayi na unguwanninmu za ka sami yaron da zai lissafa maka ƴan wasan Real Madrid har da na benci, amma bai san launin rigar Ɗan Kasawa ba, ƙungiyar da ke ɗauke da sunan kakan Sarki. Wasu ma ba gidan kallon suke tsayawa ba, cacar ƙwallo ta wayar salula ce ke janye su, kuma iyaye sun san abin da wannan ke jawowa. Filin da aka gyara lokacin bikin ranar Jamhuriya na Maraɗi Kwalliya a 2015 da dukiyar jama'a aka gyara shi. In jama'ar ba sa iya shiga, wa aka gyara wa?

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ba, kuma samarinmu sun gan ta a talabijin. A watan Fabrairun 2016 a Ingila, magoya bayan Liverpool kusan 10,000 suka tashi suka fice daga fili a minti na 77, saboda an ce za a kai wasu tikiti fam 77. Ƙungiyarsu na gaba da ci 2 da nema lokacin da suka fita, aka tashi 2 da 2 da Sunderland. Ba a yi mako ba masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye ƙarin, kuma a wannan shekarar aka ƙayyade cewa tikitin magoya baya baƙi a gasar Firimiya ba zai wuce fam 30 ba. Wasu daga cikin matasanmu sun kawo shawarar mu ma mu ƙaurace wa fili. Dattawanmu suka hana, suka ce garin da ke da Sarki ba a fara da yaji, da fada ake farawa. Ƙauracewa kuma ƴan wasanmu za ta fara cuta, ba masu riƙe da ƙofa ba.

Don haka, Allah ya ba ka nasara, muna roƙon Sarki ya sa a kira zama a fada kafin a buɗe kakar wasa mai zuwa, ƙarƙashin Galadima ko Ƙaura ko duk wanda Sarki ya ga ya dace, a gayyato hukumar birni, masu kula da wasanni na jiha, shugabannin ƙungiyoyi da wakilanmu. A wurin zaman a tsayar da farashi ɗaya na shekara, a rubuta shi a bakin ƙofa, a faɗe shi a gidajen rediyo da Hausa. In babban wasa zai zo da ƙari, a sanar mako guda kafin ranar, kuma ƙarin ya tsaya a rumfar manya, inda mai hali ke zama a inuwa. Gefen rana, inda muke tsayawa da gangunanmu, muna roƙon kada ya wuce dala arba'in.

Batun tikiti shi ne wanda muka fi nacewa a kai. A buga shi da lamba, a yaga shi a gaban mai shi, a kuma bari mutum biyu daga cikinmu su tsaya a ƙofa su shaida ƙidaya bayan wasa. Ba mu neman ko dala a kan wannan aiki. In an yi haka wata uku aka ga kuɗin ƙofa bai ƙaru ba, mun yarda a sake zama a kan farashin, kuma ba za mu yi gardama ba.

Sauran ƙananan buƙatu ne. Ƴan lakwal masu katin makaranta da mata su biya rabi, naƙasassu da tsofaffin ƴan wasan da suka ɗaga sunan garin nan su shiga kyauta. A dawo da tsohuwar al'adar buɗe wa yara ƙofa in wasa ya kusa tashi. A kuma fito da katin shekara da mutum zai iya biya kashi-kashi, domin ɗan kabu-kabu yana iya ajiye dala ashirin kullum, amma ba ya iya fitar da jika biyar a tashi ɗaya.

Mu ma mun ɗauki namu nauyin. Za mu hana jifa da zagin alƙalin wasa a gefenmu, za mu fitar da duk wanda ya shigo da ƙwaya ko makami, za mu share wurin zamanmu bayan kowane wasa, kuma za mu tarbi magoya bayan da suka zo daga wasu jihohi kamar yadda muke tarbar baƙin kokowa a filin Kantu. Kowace ƙungiya ta ba mai unguwarta sunayen shugabanninta, don in wani abu ya faru a san wanda za a kira.

Mun aika kwafin wannan takarda ga hukumar birni da masu kula da wasanni na jiha. Wakilanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da Sarki ya sa.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya zaunar da Maraɗi da ƙasar Nijar lafiya.

Talakawanka masu biyayya,
Shugabanni da magatakardan ƙungiyoyin magoya baya na unguwannin da aka ambata, da sa hannunsu da dangwalen yatsa a takardar da ke haɗe.