Godiya ga kamfanin hayar motar da ya dawo mana da Baba gida

Assalamu alaikum. Zuwa ga manaja da ma'aikatan kamfanin hayar motoci da muka yi hulɗa da su a Kano, wallahi na kasa yin shiru ne shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Da aka sallami Baba daga Asibitin Ƙashi na Dala bayan aikin ƙugu, tashin hankalinmu yadda za a kai shi ƙauyenmu can bayan Dambatta. Masu shatar da muka fara nema, Allah dai ya kyauta, wani ya ce sai an ninka kuɗi tunda mara lafiya ne, wani ya kawo Golf shokozoba duk ta mutu kujerar baya ta lotsa wai a kwantar da dattijo a haka, da muka yi magana har da cewa in ba mu so mu nemi jirgi.

Ku kuwa kuka turo Marsandi S-Class doguwar nan. Ni a zatona sai manya ke shigarta. Direbanku da kansa ya tura kujerar gaba, ya kishingiɗar da ta baya, ya durƙusa ya ce "Baba sannu, a hankali, ɗora ƙafar nan", ya rage esi don kar sanyi ya taɓa masa ciwon. Ana rufe ƙofa hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji sai ya danna wani maɓalli motar ta ɗan ɗaga sama, ya ce ai wannan kan iska take zaune, Airmatic, Jamusawa sun fara sa mata tun 1998. Gargadar da ke girgiza hanjin mai lafiya ma, Baba barci ya yi a kanta, mutumin da ko juyi aka yi masa a gado sai ya yi salati. Kuma kuɗin da aka yi ciniki shi aka karɓa, ko sisi ba a ƙara ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya tsare muku direban nan. Su kuma na tasha a ji tsoron Allah, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ga buhu a kan cinya, mai ciki da tsoho duk ba wanda ake ɗaga wa ƙafa, kuma kullum kuɗin mota sai ƙaruwa yake.