Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni asalin "lektar"

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar, bayan laccar da na gabatar a nan Sakkwato kan ƙirƙirarrun harsuna, ka miƙe cikin taro ka tambaye ni dalilin da ya sa harshen Ido yake kiran karantawa "lektar", alhali Esperanto, uwar da ta haife shi, "legi" take cewa. Kiran sallar Magariba ya katse mu. To ga amsar.

Tukuna, waɗanda suka yi ta dariya su sani sunan Ido ba idon gani ba ne. A Esperanto "ido" na nufin ɗa ko zuriya. Zamenhof ya fitar da Esperanto a 1887, Ido kuma ya biyo baya a 1907 a birnin Faris, su Louis Couturat na kan gaba.

Kalmomin biyu, "lektar" da "legi", tushensu ɗaya, "legere" na Latin. Sai dai aikatau ɗin yana da wata siga, "lectum", kuma ita Ido ya ɗauka, ya liƙa mata ɗafa-ƙeya "-ar". Masu tsara shi kan auna kalma da harsuna 6: Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci. Bafaranshe yana cewa "lire", mutumin Sifen "leer", saiwar duk ta narke a bakinsu. Amma tana nan daram a "lectura" ta Sifaniyanci da "Lektüre" ta Jamusanci.

Ni dai wani dalilin ya fi kama hankalina. Esperanto tana da "leĝo", wato doka, da 'yar hula a kan g. Ido ya tuɓe wa haruffa huluna gaba ɗaya, don maɗaba'u da yawa ba su da su, sai doka ta koma "lego". Da an bar "leg-" a wurin karatu, da doka da karatu sun yi karo. Kai da kake rubutu a waya ba ƙugiya, ka san yadda ƙafa take zama kafa, ƙasa ta zama kasa, mai karatu ya yi ta lalube.

Mu namu "karatu" daga Larabci ya zo, ba ruwansa da Latin. Amma "lacca" da ka zo saurare ranar, daga Ingilishi muka aro ta, shi kuma can wajen "lectum" ya samo. Ita da "lektar" kakansu ɗaya.

Ka gaida abokan karatunka.

Malaminka,
daga Sakkwato