Zuwa ga uwata, kafin ki kama aiki

Assalamu alaikum uwata. Da fatan kin tashi lafiya, ya Yamai, ya zafi. Mu nan Tawa lafiya lau sai iska da ƙura, innarki na gaishe ki, tun ran da kika buga waya kika ce an ɗauke ki aikin ɗakin karatu bakinta bai rufu ba.

Na san abin da kawunki ya ce miki, wai duk karatun nan da kika yi a Dakar ƙarshensa gadin littattafai, ya so a ce likita kika zama ko ki shiga duwan. Kada ki riƙe shi a zuci, bai san aikin ba ne. Ni na san shi ta wata hanya da ban taɓa gaya miki ba. Ina yaro ɗan lakwal, na taɓa zuwa wani ɗakin karatu da kayena a hammata, ƙafata duk ƙura don silifa ɗaya ta tsinke a hanya na riƙo ta a hannu. Mutumin da ke bakin ƙofa ya dubi ƙafar, bai ko dubi fuskata ba, ya ce in je in wanko tukuna. Ta bayan kafaɗarsa ina hango littattafai jere har sama da fanka na juyawa kuma ba kowa ciki, ba kowa fa uwata. Ban koma ba sai da na zama malamin lakwal. Yau ke ce za ki zauna a kujerar mutumin nan, shi ya sa na kasa barci sai na rubuto.

Mutumin nan na Amurka da kika ba ni labarinsa lokacin hutu, E. J. Josey, na sa ƙanenki ya nemo min tarihinsa a waya mun karanta tare. An haife shi 1924, baƙar fata ne, yana shugabancin ɗakin karatu na wata kwaleji a Savannah amma ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta jiharsa, Jojiya, ta ƙi karɓarsa saboda launin fata kawai. Bai yi zuciya ya bar aikin ba. A 1964 ya tashi a taron babbar ƙungiyarsu ta ƙasa ya kawo ƙuduri cewa shugabanninta su daina halartar taron duk wata ƙungiyar jiha da ke hana baƙaƙe shiga, aka amince, kuma ƙofar da aka rufe masa ta buɗe. A 1970 ya haɗa kan baƙaƙen ma'aikata suka kafa nasu rukuni cikin ƙungiyar, a 1984 shi ne shugabanta gaba ɗaya, daga baya ya koyar a jami'ar Pittsburgh, ya rasu 2009. Abin da ya kama ni shi ne a cikin sana'arsa ya yi gwagwarmayar, da takarda da haƙuri, shekara ashirin tsakanin ƙudurin da kujerar.

Mu nan ba launin fata ne ke tsare ƙofa ba, talauci ne da Faransanci. Manyanmu da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, amma je ki kowace unguwa za ki tarar da mai karanta ajami tiryan-tiryan wanda takardun gwamnati ke lissafa shi cikin jahilai. To in almajiri ya leƙo da allonsa ki ce masa ya shigo. In yarinya mai talla ta tsaya tana kallon hotuna ki ba ta kujera ta aje faranti, kada ki fara da tambayar katin shiga. Ki matsa wa na gabanki a sayo littattafan Hausa da Zabarmanci da Tamajek da Fulatanci, za su ce babu kuɗi, ki sake rubutawa, ki sake, cikin ladabi, kuma ki riƙa aje kwafin kowace takarda da kika kai.

Sannan ki samu lokaci ki je IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ki ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, dubbai ne, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa tun yana shugaban majalisar dokoki. Ki gaida masu kula da su da girmamawa, akwai abin da za ki koya a hannunsu wanda ba a ba ki a aji ba.

Abu ɗaya kuma, abin da mutum ya ara ya karanta sirrinsa ne, ko wa ya tambaye ki kada ki faɗa, ko ni ne.

Gafakar kakanki na nan cikin adaka, jiya na buɗe na ga gara ta fara cin gefen takardun, wasu sun manne da juna ban yarda na ɓamɓare ba. Ki gaya min yadda zan yi da su kafin damina. Innarki ta ba direban mota cuku da kilishi, ki je tasha ran Laraba da yamma ki karɓa. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki shiga a sa'a.

Babanki