Wasiƙa zuwa Damagaram kan injin bincikenmu

Assalamu alaikum Malam, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Damagaram? Mu nan Zariya hunturu ya sauka da ƙarfinsa, har sai na yafa bargo kafin in zauna gaban kwamfuta.

Saƙonka ya iso, kuma tambayarka ta faɗo daidai inda na sha wahala. Ka ce kana so ɗalibanka su nemi bayani kan noma, amma wanda aka rubuta da Hausa kaɗai, wato sharaɗi biyu a lokaci guda. Bari in ba ka labarin yadda ta kaya da nawa, kada ka bi doguwar hanyar da na bi.

Kamar yadda ka sani, injin binciken Google na musamman nake amfani da shi, wanda suka fito da shi a 2006, yanzu kuma suke kira Programmable Search Engine. Kai ne ke zaɓar shafukan da zai leƙa, sannan ka manna wa kowanne laƙabi. Ni na fara da huɗu: noma, lafiya, tarihi, da hausa. Kowane laƙabi yana fitowa a saman sakamako a matsayin maɓalli, kuma guda ɗaya mutum ke dannawa a lokaci guda. In ka danna noma, sai ka ga Turanci ya cika allo. In ka koma hausa, noman ya sake ka. Haka na yi ta kai da kawowa kusan mako guda.

Kuskuren farko nawa ne. Na ɗauki sashen Hausa na BBC gaba ɗayansa, da na DW, da Aminiya, na manna musu hausa da noma tare, don ai suna kawo labarin manoma. Washegari wata ɗaliba ta rubuta "kaka" tana neman lokacin girbi, sai ga labarin wata tsohuwa da jikokinta a sahun gaba, ƙarƙashinsa kuma na wani tsohon ɗan ƙwallon Brazil. Ta juyo da allon wayar tana kallona, ba ta ce komai ba. A nan na gane laƙabi adireshi yake bi, ba ya karanta abin da ke cikin shafi. Gidan jarida kuwa kasuwa ce, komai akwai a ciki.

Ga abin da ya fisshe ni. Na ƙirƙiri laƙabi guda mai ɗauke da sharuɗɗan biyu, na sa masa suna noma_hausa. Na manna shi a kan shafukan Hausa kawai, na saita shi ya tace, wato duk abin da ba ya ɗauke da shi kada ya fito. Akwai kuma saitin da ke ɗaga shafi sama ba tare da ya kori sauran ba, amma wannan bai yi mini ba, domin Turancin yana sake kutsowa daga ƙasa. Sannan akwai gurbin da za ka zuba kalmomin da injin zai ƙara wa tambayar mai nema a ɓoye. A nan na sa noma, manoma, taki, gona, da girbi, ina raba su da OR, wato "ko" da Turanci. Da ɗalibar ta sake gwada "kaka", sai ga gero da dawa da farashin buhu. Wallahi daɗin da na ji a ranar ba kaɗan ba ne.

Sai dai ka yi lissafi tun da wuri, don laƙabi 16 kawai ake nunawa. Ku can kuna da Faransanci, ga Hausa, wataƙila da Larabci. Fanni huɗu sau harshe uku, 12 sun tafi ke nan. Shawarata ka haɗa waɗanda ka san ana nema kullum, sauran ka bar su su kaɗai.

In kuma shafin makarantarku ne, wanda kuke da ikon taɓa cikinsa, to hanyar ta fi tsabta. Kuna iya saka bayanan PageMap, wato bayanan da ake cusawa cikin shafi don injin ya karanta, a kowane rubutu, ku faɗi fanninsa da harshensa, sannan a tace da umarnin more:pagemap. A can, alamar tauraro (*) tsakanin kalma biyu yana nufin dole a samu duka biyun, waƙafi kuma yana nufin ko wannan ko wancan. Na gwada a kan 'yan rubuce-rubucen darasinmu, ya tafi sumul.

Abu ɗaya da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffa masu lanƙwasa. Yaro zai rubuta "kasa" yana nufin ƙasa. Na fara cike jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da injin ya tanada, ina haɗa mai ƙugiya da marar ƙugiya. Ku kuma da kuke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, sai ka ƙara wannan a naka.

Don Allah ka turo mini adireshin shafukan Nijar da ke rubutu da Hausa kan noma da kiwo, ko da biyar ne, domin nawa jerin duk na wannan ɓangaren iyaka ne. Ni kuma zan aiko maka da fayil ɗin laƙabaina ka ɗora a kai.

Ka gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya