Rahoton ayyukan shekara 2024/2025 ga membobin ƙungiyarmu ta magoya bayan Arsenal a Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda dokar ƙungiya ta ce, kafin a buɗe sabuwar kakar wasa sai biro ya kawo muku bayanin abin da aka yi da wanda ba a samu yi ba, to ga shi. Ina roƙo don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara turo odiyo a gurup, don bara wasu sun yi ta faɗa kan abin da amsarshi na cikin rahoton, ba su dai karanta ba ne.

Zan fara da maganar kuɗɗi tunda ita ce ta fi ci mani rai. Kotizasiyo dala ɗari ne a wata, 500 F, kuma ba biro ya yanke ba, ku kuka ɗaga hannu a babban taro, har akwai waɗanda suka ce a maida shi jikka guda wai dala ɗari ya yi kaɗan. To yau in ka buɗe kayen ma'aji waɗanda suka biya wata goma sha biyu cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma cikin masu neman a ƙara ɗin nan akwai wanda rabonshi da biya tun babbar sallar bara. Ni da ma'aji mun bi fada fada, Mokoyo, Zariya, Sabon Gari, Ali Ɗan Sofo, da moto ɗinmu da esansinmu, amsar dai guda ce, gobe, sai an yi albashi, sai kaka ta yi. Kaka ta yi ta wuce, ga wata daminar mun shiga. Abin da ya fi ba ni mamaki 'yan uwanmu da ke Yamai da Agadas, har da biyu da ke aiki Aljeriya, su ne ke turowa ta Nita ko Amana ba tare da an kira su ba, alhali ko maci guda ba su kalla da mu ba, wanda kuma yake zaune gaban tele kowane Asabar a kujerar gaba shi ne za ka yi ta bi kamar kai ne ka ci bashinshi.

Na san an sha wahala bana, ba wanda ya musanta. Amma wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa ma shugaba a asirce, dokarmu ta yarda a ɗauke mashi. Masu hali da ke ɓuya su nake nufi.

Akwai masu cewa ina kuɗɗin da aka tara suka shiga. Ruwan da aka yi ƙarshen watan Agusta 2024 kowa ya ga abin da ya yi ma garin nan, gidajen laka sun zube, an rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Cikin membobinmu akwai waɗanda ɗakunansu suka faɗi, biro ya zauna da gaggawa aka fidda kusan rabin abin da ke cikin asusu aka sai masu gero da tabarmi da leda ta rufi. An sanar a gurup a lokacin, ba wanda ya ce a'a. Sauran ya tahi wajen abonma na Canal+ kowane wata, hayar rumfar da muke kallo, da esansin inji ranakun da ba kuran, kuma kun tuna ƙarancin esansi na watan Maris cikin azumi, litar da muka saba saye sai da muka saye ta da tsada a bakin hanya don kar kallo ya tsaya. Kowane rasit na wurin ma'aji, ƙofa buɗe take, mai shakka ya je ya duba da idonshi maimakon ya yi ta magana a fada.

Reniyon wata wata an yi su, sai na azumi da aka ɗage.

Pano na hasken rana da batiri da muka yi alkawari bara ba a saye ba. Ba mantawa aka yi ba kuma ba wanda ya ci kuɗɗin. Mun je kasuwa mun tambayi farashi, mai kayan ya yarda a ba shi rabi a cika sauran cikin wata uku, amma biro ya ƙi sa hannu saboda in muka ɗauko bashi da sunan ƙungiya kotizasiyo kuma bai shigo ba, wa za a kama? Shugaba da ma'aji za a kama, mutane masu iyali. Da kowa ya biya nashi da yanzu mun huta da ƙarar inji da hayaƙi. Mayo ma haka, wato rigar kulob, an rubuta sunaye da lambobi, wanda zai kawo mana daga Kano ya ce sai an ba shi rabin kuɗɗi, waɗanda suka kawo nasu ba su kai yawan da zai sa a yi mana ragi ba, muna jira muna jira har kulob ɗin ya fidda sabon mayo na bana. Waɗanda suka biya kuɗɗinsu na nan a ajiye daban ba a taɓa ba, mai so a maida mashi ya zo, mai so a juya shi zuwa na bana ya faɗa. Wasan sada zumunta da 'yan uwanmu na Tibiri kuwa sau biyu ana sa rana, su sun shirya, mu mutum goma sha ɗaya masu takalmi suka gagara taruwa, wanga kam kunya ce gare mu duka.

Yanzu in zo kan abin da ya wanke mana zuciya, daren 8 ga Afrilu 2025, Arsenal da Real Madrid a gasar zakarun Turai, a filinmu na Emirates. Tun da aka san su za mu haɗu da su 'yan Madrid na garin nan suka hana mu shan shayi lafiya, kofin zakarun Turai goma sha biyar gare su mu ko guda ba mu da shi, kullum maganar ke nan. Sai shugaba ya kawo shawara a fidda kallon waje a gayyace su, a yi shi a fili kowa ya gani. Gaskiya da farko wasu cikin biro sun ji tsoro, in aka ci mu gaban baƙi fa? Amma aka yi shahada. Wani Alhaji daga cikin iyayen ƙungiya, ya ce kar a faɗi sunanshi, ya ara mana majigi da farin kyalle, mai gidan da ke kallon filin ya ba mu wuta ta waya ga inji kuma a gefe don ko ta kwana, matasanmu na Bagalam tun la'asar suke yayyafa ruwa suna jera benci da tabarmi cikin zafin nan na bazara. Mun sanar da mai unguwa tun kwana biyu kafin ranar ya sa mana albarka. Aka yi sallar isha'i aka zauna, wurin ya cika har kan katanga, 'yan kabu-kabu sun faka layi guda sun bar aiki, masu tsire da masu ruwan sanyi sun yi ciniki har kayansu suka ƙare.

Rabin farko ba ci, golan Madrid Courtois yana ta kaɗe mana ƙwallaye, baƙinmu suna dariya suna cewa ku jira a dawo. Aka dawo, minti na 58 Declan Rice ya aje ƙwallo bugun tazara ya lanƙwasa ta bayan katangar mutane ta faɗa raga, kafin mu gama ihu minti na 70 ya sake wata wadda ta fi ta farko, can saman kusurwa, mutumin da bai taɓa cin bugun tazara ba a duk rayuwarshi ta ƙwallo sai ranar ya ci biyu. Merino ya ƙara ta uku minti na 75. Wallahi na ga dattijon da ke bin kulob ɗin nan tun zamanin Kanu da Henry yana share hawaye da hularshi. Abin da ya fi faranta mani rai ba a yi faɗa ba, ba zagi ba jifa, 'yan Madrid sun zauna har aka tashi, shugabansu ya karɓi lasifika ya yi mana barka ya ce mu haɗu Bernabeu, filin Madrid. Muka haɗu ranar 16 ga wata, wannan karon su suka karɓe mu a wurinsu da shayi da komai, Saka ya ɓarar da fenariti hankalinmu ya tashi, daga baya shi ɗin ya ci, Vinicius ya farke, Martinelli ya rufe a ƙarshe, 2 da 1, jimla 5 da 1. Daren farkon nan an zagaya da kwali an samu abin da ya biya esansi da hayar benci har da saura, kuma sababbin membobi da dama ranar suka rubuta suna. Godiya ta musamman ga 'yan kwamitin tsaro da yaran da suka tsaya kwashe kaya har ƙarfe ɗaya na dare, kullum su ne dai, fuskokin nan da kowa ya sani.

Na PSG a wasan kusa da na ƙarshe ba sai na ja ba, Dembele ya ci mu a gida tun minti na 4, a Paris aka ƙara mana 2 da 1, kallon ranar rabin waɗanda suka yi rawa daren Madrid ba mu gan su ba.

To ga sabuwar kaka ta zo, kuma na san abin da ke ran kowa don gurup ba ya barci. Shekara uku a jere muna na biyu, maki 84, sai 89, sai 74 bara Liverpool ta ɗauka da 84. Rabonmu da kofin lig tun 2004, yaran da ke jera mana benci ba a ma haife su ba lokacin. Kocinmu Arteta ya zo Disamba 2019, kofin FA na 2020 shi ne babban abin da ya ɗauko, shi ya sa ƙungiyarmu ta rabu biyu, masu cewa bana in ba kofi ya tahi da masu cewa a ƙara haƙuri. Ni ra'ayina, kuma nawa ne ba na biro ba, bara ba koci ne ya kashe mu ba. Wasa 4 kaɗai aka ci mu a lig amma mun yi canjaras 14, ga jan kati na Rice da Brighton da na Trossard da City tun farkon kaka, Odegaard ya ji ciwo Satumba, Saka Disamba, Jesus Janairu, Havertz Fabrairu, har sai da Merino ɗan tsakiya ya koma buga gaba. Laifin da nake gani shi ne ƙin sayen mai cin ƙwallo a watan Janairu alhali kowa ya ga ramin.

Bana kam an toshe bakinmu. An ɗauko Gyokeres daga Sporting, wanda ya ci ƙwallo 39 a lig ɗin Fotugal bara, ya ci City uku shi kaɗai a gasar zakarun Turai, an ba shi lamba 14 ta Henry. Zubimendi ya zo tsakiya daga Real Sociedad, Norgaard daga Brentford, Madueke da Kepa daga Chelsea, Mosquera daga Valencia. Ina roƙon mu ba Gyokeres lokaci, Ingila ba Fotugal ba ce, kar ya yi wasa uku bai ci ba a fara cewa an yi asara kamar yadda aka yi ma Havertz. Madueke ma tun bai taka ƙwallo ba wasu a gurup suka fara zaginshi, wanga ba halin magoya baya ba ne. Kuma kar mu ruɗi kanmu, Liverpool ba ta kwanta ba, ta sayi Wirtz da Ekitike, City na nan, Chelsea ta ɗauko kofin duniya na kulob kulob a Amurka. Farkon jadawalinmu ma da nauyi, Manchester United a Old Trafford ranar farko, Liverpool a Anfield ƙarshen Agusta, City cikin Satumba. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne bayanmu, Raya da Saliba da Gabriel, da kuma kofin Afirka da za a yi Maroko daga Disamba wanda zai ɗauke ma Liverpool Salah mu kuwa ba zai taɓa mu sosai ba. Fatana kofin lig, in Allah ya yarda, kuma wanga karon ban ga uzurin da za a kawo mana ba.

Amma 'yan uwa, masu rubuta dogayen saƙo tsakar dare cewa masu kulob su fidda miliyoyi su sayi ɗan wasa, da yawansu su ne sunansu ke da jan biro a kayen ma'aji. Kuna son mu kalli wasa 38 na lig da na Turai a wurinmu, kan tele mai kyau, ba yankewa, to abonma ba ya biyan kanshi. Mu biro ba albashi ake ba mu ba, muna da shago da gona da iyali kamar kowa, kuma biyu daga cikinmu sun riga sun ce ba za su sake tsayawa ba in haka za a ci gaba.

Abin da biro ya tsaida, sai in babban taro ya canza: wanda ake bi sama da wata uku zai biya kuɗɗin shiga kallo kamar baƙo har ya cika, kuma ba shi da ƙuri'a a zaɓen sabon biro. Duk abin da ya shigo na bashin bara za a ware shi kai tsaye don pano da batiri, ba za a taɓa shi da wani abu ba. Sunayen mayon bana za a rufe su ƙarshen Satumba, wanda bai kawo rabi ba ba za a rubuta shi ba ko wane ne. Mutanen Tibiri kuma mun ba su haƙuri mun ce bayan an cire amfanin gona, masu son bugawa su ba kaftin sunansu tun yanzu.

Babban taro ranar Lahadi 17 ga Agusta a rumfarmu, ƙarfe biyu da rabi bayan azahar, za a karanta lissafin ma'aji a yi zaɓe, a yi la'asar, sannan ƙarfe huɗu da rabi mu kalli wasanmu da Manchester United. Waɗanda ke gona su yi ƙoƙari su shigo da wuri, kowa ya zo da katinshi da abin da ake binshi, ma'aji zai zauna bakin ƙofa da kaye.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Maradi, Agusta 2025