A Riƙa Tambayar Lauyoyin Nan Wace Shari'a Suka Yi

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, musamman inda baƙonku ya yi ta jero sunayen lauyoyin da aka naɗa ministoci, yana nanata cewa tunda masana doka ne aka ba riƙon ƙasa, to talaka ya kwantar da hankalinsa. Mai gabatar da shirin kuwa bai tare shi ya tambaye shi wace irin shari'a waɗannan mutane suka yi kafin a kira su ba, alhali a kan wannan tambaya ya kamata a gina shirin gaba ɗaya.

Na yi aikin magatakarda a kotun majistare har na yi ritaya, saboda haka ba a bakin wani na ji labarin lauyoyi ba. Lauyan da na saba gani shi ne mai zuwa a kan babur, baƙar kwat ɗinsa a naɗe cikin leda don kada ƙura ta ɓata ta, ya zauna a benci tun da hantsi yana jiran a kira ƙarar gona ko ta bashi. Ban taɓa jin an kira irinsa zuwa Abuja ba. Wanda ake kira shi ne wanda ya yi wa jam'iyya hidima. Ɗanmu Abubakar Malami na Birnin Kebbi shi ne mai ba jam'iyyar CPC shawara kan shari'a kafin ya zama Antoni-Janar, wato Ministan Shari'a, a 2015, Festus Keyamo ya yi kakakin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa kafin a ba shi ma'aikatar sufurin jiragen sama, Lateef Fagbemi kuma ya tsaya wa APC a shari'ar zaɓen 2023 kafin ya hau kujerar Ministan Shari'a a watan Agusta na shekarar. Ban ce sun yi laifi ba, ban kuma ce ba su iya aikinsu ba, amma idan za a gaya wa mai sauraro tarihin mutum, a gaya masa har da wannan ɓangaren.

Baƙon naku ya kuma haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Kujerar Antoni-Janar ce kundin tsarin mulki ya keɓe wa lauya, inda sashe na 150 ya ce sai wanda ya kai shekara 10 da cancantar aikin lauya, sashe na 195 kuma ya ɗora wannan sharaɗi a kan na jiha. Sauran ministoci ba a neman komai daga gare su sai abin da ake nema daga ɗan Majalisar Wakilai, don haka lauyan da aka kai ma'aikatar ayyuka ko ta Abuja ba dokar ƙasa ce ta kai shi ba, siyasa ce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cewar da ya yi wai lauya a kan mulki ba ya yarda a taka haƙƙin mutum. A kotun da na yi aiki an taɓa kawo wani matashi bisa zargin fashi. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, sai ya tura shi gidan yari har lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Mahaifiyarsa takan taso daga ƙauye duk ranar zama, da ƙunshin ƙuli-ƙuli a gefen zane ko za a bari ta miƙa masa, ta zauna a ƙasa bakin baranda. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawara ba ta fito ba, alƙali ya ɗage zama, duk cikin abin da bai kai a sha kofin shayi ba, ita kuwa ba ta ji kalma ɗaya ba domin da Turanci aka yi. Sai ta biyo ni har tebur ta ce, "Malam, yau me suka ce?" Damina ta wuce, wata ta zo, ta sayar da akuyarta saboda kuɗin mota, kuma da shawarar ta fito a ƙarshe sai ga shi layi kaɗan ne, cewa babu hujja a kan yaron. Duk tsawon lokacin nan, wanda yake shugabantar ofishin da fayil ɗin ya kwanta gogaggen lauya ne da ake yi wa kirari a taro.

Idan an ce wannan ƙaramar kotu ce, to a tuna cewa an tsare Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga 2015 har Disamba 2019 duk da belin da kotuna suka ba shi, a lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa farfesan shari'a ne, Ministan Shari'a kuma yana da lambar SAN ta manyan lauyoyin Najeriya. Maƙwabtanmu na Zamfara ma ba su manta ranar 24 ga Mayu 2019 ba, da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC baki ɗaya a jihar saboda rashin zaɓen fitar da gwani na halal, a jam'iyyar da take cike da manyan lauyoyi.

Ina roƙon ku sake wannan shiri, ku gayyato lauyan da yake zuwa gidan yari duba masu jiran shari'a, ku sa shi kusa da baƙon naku. Sannan ku daina buɗe layin waya a mintunan ƙarshe kawai, domin ranar nan wani dattijo daga Zuru ya fara magana mai ma'ana sai kuka katse shi da tallar maganin basir.

Naku,
Mai sauraro daga Argungu, Jihar Kebbi